Inshorar lafiya ta dole: in shigar da iyalina ko in ci gaba da biya daga aljihu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Tudun Wada, ina da mata biyu da 'ya'ya bakwai. A daminar bara zazzaɓin cizon sauro ya kwantar mini da yara uku a mako guda, sai da na sayar da keken ɗinki ɗaya kafin na iya biyan kuɗin allurai da ƙarin ruwa. Tun daga nan ƙanena yake matsa mini in yi rajista da KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kaduna, yana cewa dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaya za a tilasta wa mutum biyan kuɗin cutar da ba ta zo ba? Ina neman shawararku.

Wani ma'aikacin jami'a daga Samaru: Wa alaikumus salam, Malam. Tilascin yana da dalili, domin da za a bar wa kowa zaɓi, masu ciwo ne kaɗai za su shiga, asusun kuwa ba zai kai ko'ina ba. Sai masu lafiya sun yi zubi, kamar adashe, kafin a samu abin yi wa majinyaci magani. Ni kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani kawai nake biya. Sai dai tsarinmu na ma'aikatan tarayya ya ɗauki mai gida da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, sauran kuma sai an ƙara kuɗi. Da irin gidanka, wannan ce tambayar farko da za ka yi musu.

Wata ma'aikaciyar jinya: Baban yara, ka shiga, amma idonka a buɗe. Ana biyan asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai kati, ya zo ko bai zo ba, kuma da farashin magani ya tashi sai kuɗin ya kasa. Shi ya sa ake ce wa mai kati maganin ya ƙare, a miƙa masa takarda ya nufi kemis. Saboda haka zaɓen asibiti ya fi katin kansa muhimmanci.

Wata Hajiya daga Kwarbai: Ni dai an bar ni a kan benci tun hantsi har la'asar ina jiran lambar izinin ganin babban likita, masu kuɗi a hannu suna wuce ni. Duk da haka, da aka yi wa 'yata tiyatar haihuwa, katin ne ya rufa mana asiri.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Hajiya, don Allah wata nawa kika yi da rajista kafin katin ya fara aiki? Amaryata tana da juna biyu wata biyar.