Rediyon mota mai allo da taswira: in saya ko in haƙura?

Mai Corolla, Sabon Gari: Assalamu alaikum ƴan uwa. Motata shigowar Kwatano ce, rediyonta na asali ya mutu murus. An nuna mini irin mai allon nan na Android a Kasuwar Dole, inci 9, wai har da taswira da kamarar baya. Zirga-zirgata tsakanin Damagaram, Matamai da Magarya take, jefi-jefi har Tanut. Shin taswirar tana aiki inda babu rezo, wato sabis ɗin waya? Kuma da gaske yana shanye batir? Jaka 60 na ware, ba na son su tafi a banza.

Mai gyaran wutar mota: Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar batir gaskiya ce, amma galibi laifin mai haɗawa ne. Wayoyi uku ne ginshiƙi: rawaya tana ɗaukar wuta daga batir dare da rana don kada na'urar ta manta saitinta, ja ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, baƙa kuma ta jikin mota ce. Yaron da ke sauri sai ya murɗe ja da rawaya wuri ɗaya. Allon ya yi kamar ya mutu alhali yana ci, ka kwana biyu ba ka tayar da mota ba, da safe sai turi. Kada ka yarda a yanka wayoyin motarka. Akwai soket da ake sayarwa daidai da na Toyota, a cusa kawai, kuma fiyus ya zauna a wurinsa. Na sha buɗe gaban mota in tarar an naɗe wayoyi da ledar baƙa, zafin watan Afrilu ya narkar da ita ta manne da ƙarfe. Irin wannan shi ke kawo gobara, Allah Ya kiyaye.

Direban hanyar Agadas: Ƙanena, GPS, wato abin da ke nuna inda kake a taswira, da tauraron ɗan adam yake magana, babu ruwansa da rezo. Ita taswirar ce take son intanet. Sai ka sauke ta tun kana gari: Google Maps yana ba da damar adana yanki, OsmAnd da Organic Maps kuwa Nijar gaba ɗaya suke saukewa. A kan kwalta, daga nan zuwa Maradi ko Gure, ba za ta ba ka kunya ba. Amma ina roƙonka da Allah, da ka sauka kwalta ka daina bin ta ido rufe. Ba ta san ƙoramar da ta kawo ruwa da damina ba, ba ta san inda rairayi ya binne hanya ba, ƙauyuka da yawa ma babu sunansu, waɗansu kuma da rubutun Faransanci suke, ka rubuta Matamai ta ce babu sai ka sa Matameye. Arewa da Tanut, ka tsaya tasha ka tambayi wanda ya fito yau.

Ɗalibi a jami'a: Baba, kada ka yarda da abin da aka buga a kwali. Akwai waɗanda ake yi wa ƙaryar ƙarfi har a cikin saiti. Ka ce a jona shi da batir a gabanka, ka buɗe taswira da sauti lokaci guda, ka ja yatsa ka ga ko yana sanƙarewa. Mai RAM (ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita) giga 1 wahala ce zalla, giga 2 lallaɓawa, in da hali ka nemi mai 4. Ka fito da shi rana ka duba ko allon yana ganuwa.

Hajiya, Birni: Ni dai don kamarar baya na sa. Wanda ya san lungunan Birni da yaran da ke wasa bayan mota ba zai ga tsadarta ba. Sai dai da hunturu kullum ina goge idonta, ƙura tana rufe shi. Kuma don Allah a bar kunna fim ana tuƙi, rayukan mutane ne.

Mai Corolla: Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Maigida mai gyara, to maɓallan sitiyari fa, za su ci gaba da aiki? Kuma jaka 60 ɗin ta isa har da kuɗin aiki?

Mai gyaran wutar mota: Maɓallan sukan yi aiki in an haɗa wayarsu an saita, wasu motocin kuma sai an ƙara wani ɗan akwati da ake kira CANBUS. Ka faɗa wa mai shago shekarar motar kafin ya ɗauko, don firam ɗin gaban ya zauna ba tare da an fafe roba ba. Ka tambaya ko yana da fanka a baya, zafinmu ba ya raga wa marar fanka. Eriyar GPS kuma a liƙa ta saman gaban mota kusa da gilashi, kada a cusa ta ƙarƙashin ƙarfe. Batun kuɗi, ka cire na aiki da soket da kamara tukuna, abin da ya rage shi ne kuɗin na'urar. In bai kai na mai kyau ba, ka sa ƙaramin rediyo mai Bluetooth, ka kafa salularka a mariƙi, taswirar ɗaya ce. Ka turo mini hoton gaban motar in gani.