Matan akwati da matan gida: musayar waƙa

Uwargida daga Zariya:
Jiya da dare muna kallon wasan kwaikwayo a akwatin talabijin a tsakar gida, autata mai shekara 9 ta juyo ta ce, "Umma, kowace kishiya muguwa ce?" Abokiyar zamana tana gefena tana tsintar shinkafa. Ban runtsa ba sai da na rubuta wannan.

Da sunan Allah zan fara,
Mai dare, Mai safiya.
Salati ga wanda ya yi wasicci
A riƙe mata da gaskiya.
Masu shirya mana wasanni,
Ku saurari kukan zuciya.
In kun sako mace a akwati,
Ko 'yar gulma ko kishiya.
Ta saci jiki ta je wurin boka,
Ta dawo da ƙulli da laya.
Ta barbaɗa a miyar kuka,
A kori 'yar'uwa tun safiya.
Ni shekara 22 ke nan
Muna girki a murhu ɗaya.
Daren da na haifi autata,
Ita ta riƙe ni har safiya.
Ita ta dafa ruwan wankan jego,
Ta tsinko ganyen darbejiya.
Ta dama mini kunun kanwa,
Kwana 40 ba gajiya.
Mun sha saɓani, ba na musu,
Harshe da haƙori, baki ɗaya.
Amma ina irinta a wasanninku?
Na duba, ban ga ko ɗaya.

Mai shayi daga Fagge:
Hajiya, Allah ya ƙara zumunci, ya bar ku tare. Ni talabijin a kunne take a teburina kullum dare, ga abin da idona ya gani game da mu maza a wasannin Daɗin Kowa, Gidan Badamasi da Kwana Casa'in.

Hajiya ki yi mini uzuri,
Ba na musu don fahari,
Amma a duba da nazari,
Mu ma asirinmu na tonuwa.

Dubi Nata'ala da rawani,
Ga kwaɗayi, ga bani-bani,
Iyalinsa ba su da sukuni,
Haka muka gan shi a Daɗin Kowa.

Alhaji Badamasi ga kuɗi,
Ga 'ya'ya tuli, gida mai faɗi,
Amma babu mai jin daɗi,
Rowa ta hana shi sakewa.

Bawa Maikada a kan mulki,
Alƙawari tuli, babu aiki,
Talakan Alfawa na ta tsaki,
Shi ma namiji ne ai kuwa.

Wasan da babu rikici,
Masu kallo sai su yi barci,
Magani ma sai da ɗaci,
Kafin ciwo ya yi warkewa.

Malamar firamare daga Maraɗi:
Mu ma nan Nijar muna kallon Arewa24, tashar da aka buɗe a 2014, kuma 'yan wasan nan, irin su Adama, Kamaye da Kyauta na Daɗin Kowa, sun zama kamar 'yan gidanmu. Shi ya sa abin yake yi mini zafi.

Yayana mai shayi, na ji ka,
Amma akwai inda ka manta.
In Badamasi ya yi rowa,
Sunansa kaɗai ake ambata.
In Adama ta ɗaga wa Kamaye murya,
Sai ka ji an ce, "Halin mata!"
In Kyauta dillaliya ta kai zance,
Sunan duk dillalai an ɓata.
Laifin namiji nasa ne shi kaɗai,
Na mace a raba wa 'yan'uwanta.
Ran Laraba na ce da ɗalibaina
Mu yi wasa kafin a tashi makaranta.
Mazan suka rarraba matsayi:
Gwamna, soja da likita.
Matan suka ci ɗamara da gyale,
Suka riƙe ƙugu, suka fafata.
"Ke ce kika mallake mini miji!"
Daga bakin 'yar shekara 8 ta fita.
Na koma gida jikina a sanyaye,
Har yau maganar ta hana ni in huta.

Dattijo daga Tudun Wadar Kaduna:
'Ya'yana, ni na ga zamanin Samanja a NTA Kaduna. Allah ya jiƙan Usman Baba Pategi, wato Samanja, da ya rasu a 2023, ya jiƙan Ibro da ya riga shi tun 2014. Nawa kukan daban ne da naku.

Mun kalli Samanja da Hausarsa ta bariki,
Unguwa guda a tabarma har isha ta wuce.
Dariya ba laifi ba ce, 'ya'yana,
In an ajiye ta inda ta dace.
Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya,
Yadda ake wasa da mai tausayin mace.
In ya ɗebo ruwa, in ya riƙe jariri,
A sa kiɗan dariya, wai mijin-ta-ce.
A ce an wanke an ba shi ya sha,
Wai hankalinsa ne ya ɓace.
Uwar 'ya'yana ta yi shekara 3,
Ɓarin jiki ya shanye, tana kwance.
Ni ke dama koko, ni ke juya ta,
Ni ke wanke zannuwanta da maraice.
Manzon Allah yana taya iyalinsa aiki,
Nana A'isha da bakinta ta ce.
Jiya jikana ya ƙi taɓa tsintsiya,
Kada abokai su ce ya zama mace.

Mai shayi daga Fagge:
Baba, na sunkuyar da kai. Allah ya saka maka da alheri. Wannan dariyar ni ma na sha yin ta a teburina, kuma daga yau na bari. Amma ƙanwata malama, bari in ƙara ɗaya.

Ki tuna Sumayya ta Labarina,
An nuna ta da kunya da amana,
Dukiyar Presido ba ta ruɗe ta ba a ganina,
Ashe ta kirki ma tana fitowa.

Malamar firamare daga Maraɗi:
Na tuna ta, Yaya, na kuma so ta,
Na yi kuka ranar da aka cuce ta.
Amma ta kirki kullum sai da hawaye?
Haƙuri kaɗai ne adonta?
Ina mai ƙosai da ke tashi da asuba,
Ta biya wa marayu kuɗin makaranta?
Ina ungozoma, ina mai koda,
Ina nas da ke kwana a kan ƙafarta?
Ku sa su dariya, ku sa su fushi,
Kowace da irin maganarta.

Uwargida daga Zariya:
Baba, Allah ya sa a mizani. Na karanta wa abokiyar zamana duk baitocin nan bayan la'asar. Da na zo kan na Baba sai ta share ido da bakin mayafi. Ba ta yi boko ba, amma ta ce lallai in rubuta nata, ga autar take magana:

Auta, zo nan kusa da ni,
Ni ce wadda ake kira kishiya.
Bayan nan nawa shi ya goya ki,
Ranar da Ummanki ba lafiya.
Ɗauko kibiya da man kitso,
Gobe Juma'a, sai tsifa tun safiya.
Zauna ki miƙe ƙafa a tabarma,
Shuku kike so ko kalaba ɗaya-ɗaya?