Ekografi na kare da mussa: wane suna za mu ba shi da Hausa?

Mai tambaya, Yamai:
Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta 'yar takardar bayani da za a manna a ɗakin likitan dabbobi don masu kawo karnuka da mussa, kuma so nike ta fito da Hausa tunda dai tun 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar. Kalma guda ta tsaida ni, ekografi, wato awon nan da ake duba cikin jiki da na'ura a gani a allo. Mu nan eko muke cewa, 'yan Najeriya su ce sikanin. Mi zan sa?

Wata ungozoma:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai wannan an gama shi tuni, hoton ciki. Duk matar da ta zo awo haka take cewa kuma kowa na ganewa, kar ka wahal da kanka.

Likitan dabbobi:
Hajiya Allah shi ƙara girma, a wajenku ya zauna daram amma a wajenmu yana kawo rikici. Ka ce wa mutum a yi wa karensa hoton ciki sai ya ce maka likita ai namiji ne. Kuma gaskiyarsa, don "ciki" juna biyu yake kawo wa mutum a rai. Alhali awon juna biyu kaɗan ne cikin aikin. Muna duba hanta da saifa da ƙoda, muna neman tsakuwa a mafitsara, ko mahaifar karya da ta cika da mugunya 'yan makonni bayan ta gama lokacin barbara, wannan kuwa in an yi sake kashe ta yake yi. Ga zuciya, mussa na yawan samun kaurin naman zuciya kuma da na'urar nan ake gane shi, to zuciya ai a ƙirji take. Sannan radiyo, wato X-ray, shi ma hoton ciki yake ɗauka, su biyun kuma kowa da aikinsa. Karya tana ɗaukar ciki wajen kwana 63, da eko daga kwana 25 haka kana ganin bugun zuciyar 'yan kwikwiyo, amma in ƙirga su kake so sai radiyo bayan kwana 45 lokacin da ƙashinsu ya yi ƙwari. In suna ɗaya na sa musu a takarda yaya mai kare zai san wanne na aike shi?

Malamin fizik, Tawa:
Ni dai a ganina a raɗa ma abu suna daga yadda shike aiki. Na'urar ga ba haske taka aikawa ba, sauti ne, shi shiga jiki shi bugi nama shi komo, ita kuma ta auna lokacin da ya ɗauka ta zana hoto. Kamar ka leƙa rijiya mai zurfi ka yi magana muryarka ta komo maka. Cikin nama sautin na gudun wajen mita 1,540 a daƙiƙa. Tushen abin tun 1880 ne da Pierre Curie da ɗan'uwanshi Jacques sunka gano akwai duwatsun da in an matsa su suna ba da lantarki, daga baya anka gane in an ba su lantarki su ma girgiza suke. Ian Donald na Glasgow kuma a 1958 ya buga aikinshi na duba cikin mutane da shi. Eko ɗin ma da Faransanci ai amsa-kuwwa ne. Don haka: hoton amsa-kuwwa.

Wani ɗan makaranta:
Malam da girmanka, wa zai tsaya faɗin wannan duka a gaban likita kare na ta fizge-fizge? Eko dai. Harafi ukku an gama.

Ungozoma:
Yaron nan bai yi ƙarya ba hhh. Amma kakarka ta san eko?

Likitan dabbobi:
Malam ka kusa, kuwwar ce kawai ba ta kwanta mini ba. Kuwwa ihu ne, abin nan kuwa ba wanda ke jinsa. Kunnen mutum yana tsayawa wajen girgiza 20,000 a daƙiƙa, kare ya fi mu, mussa ta fi kare, amma na'urar miliyoyi take yi, duk ta wuce su. In na rubuta kuwwa wani zai ɗauka za a kurumtar masa da dabba. Amo fa? Hoton amsa-amo. Kuma sunan zai rage mini surutu, don kullum faɗan da muke yi da mutane kan aski ne, musamman masu karen Azawak da ke ji da shi, ga gashin ma ɗan kaɗan amma ba su son a taɓa. Iskar da ke maƙale cikin gashi tana tare amon, shi ya sa muke aske wurin mu shafa jel ɗin nan mai sanyi. Shi ya sa kuma muke cewa kar a ba shi abinci tun dare, ciki cike da abinci da iska ba ya nuna komi. A allo ruwa baƙi ƙirin yake fitowa don amon ratsa shi yake ya wuce, tsakuwa kuwa fari fat da inuwa a ƙarƙashinta. Yawanci ko allurar barci ba a yi, a kwantar da shi mutum biyu su riƙe.

Malamin fizik:
Na yarda, amo ya hi. Ni kuwwar duwatsun Adar ce ta cika min kunne.

Mai tambaya:
Madalla, na gode. Zan rubuta hoton amsa-amo babba, a ƙasa in sa "wato eko" don ɗan makaranta da ire-irensa, radiyo kuma in bar shi hoton ƙashi. Saura ɗan abin da likita ke riƙewa a hannu yana gogawa bisa cikin, wanda ake cewa sond. Shi kuma fa?

Ungozoma:
Mu dai kan na'ura muke ce masa, ba mu taɓa samun gardama ba.