Me za mu kira "slug" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan laƙabi

1/ Masu haɗa shafukan intanet, ku matso kusa. Akwai kalmar da ke hana mu sakat duk sanda muke koya wa ƙannenmu rubuta manhaja da Hausa, wato slug. Shi ne ɗan guntun rubutun nan na cikin adireshin shafi, wanda ake tatsowa daga kanun labari. Idan kanun ya ce "Farashin Masara Ya Sauka a Dawanau", sai ka ga adireshin ya ƙare da farashin-masara-ya-sauka-a-dawanau. Babu babban baƙi, babu tazara, karan ɗori ne ke haɗa kalmomin. Wannan guntun muke nema wa suna.

2/ Kada wanda ya buɗe ƙamus ya kawo mana ɗan'uwan dodon koɗi. Gaskiya ne Turawa na kiran wannan halitta mai yauƙi da sunan, amma ba ta nan kalmar ta shigo kwamfuta ba. Daga gidan jarida ta fito. Injin Linotype da Ottmar Mergenthaler ya ƙera, wanda jaridar New York Tribune ta fara aiki da shi a 1886, yana narkar da dalma ne ya zubo layin rubutu guda a sanda ɗaya. Sandar nan ita ake kira slug. Daga baya editoci suka ɗora sunan a kan gajeren suna da suke ba labari yayin da yake yawo daga teburi zuwa teburi kafin a buga shi.

3/ Django kuma, kayan aikin haɗa shafukan intanet da yawanmu muke aiki da shi, a gidan jarida aka haife shi: Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga jama'a a 2005. Shi ya sa yake da SlugField, gurbin ajiye slug, da slugify, mai mayar da kanu ya zama slug. Abin lura a nan, kalmar ba siffar rubutun take bayyanawa ba. Aikinsa take faɗa: gajeren suna da ake kiran abu da shi a madadin dogon sunansa. A nan ya kamata mu nemo tamu.

4/ An ba da shawarwari, bari in bi su.

"Sulog". Ba na ƙyamar aro, ai kwamfuta da intanet duk aro ne kuma sun zauna daram. Sai dai su an ji su a bakin kowa kafin a rubuta su. Wannan kuwa ko mai digiri a Turanci bai san shi ba in ba ya harkar. Aron da ba ya rage wa kowa wahalar bayani ba shi da wata riba.

"Kanu" ko "take". A'a. Shi ne ainihin abin da ake tatsar slug ɗin daga gare shi. In muka ba su suna ɗaya, ranar da za ka ce wa yaro "canja take amma kada ka taɓa take" za ka gane kurenka.

5/ "Wutsiyar adireshi" ta fi ba ni sha'awa, har na so in bi. Tana da daɗin faɗa, kuma da an faɗa mutum ya san inda zai duba. Matsalarta ba kullum abin ke zama a ƙarshe ba. Akan sami alamar tambaya da wasu bayanai a bayansa, wani lokaci lambar shafi na biyu ko na uku, wani lokaci kuma shi kansa yana tsakiya, kamar sunan rukunin labarai da ke zuwa kafin sunan labarin. Ga kuma gurbinsa a rumbun bayanai, inda yake zaune shi kaɗai babu adireshin da zai zame wa wutsiya.

6/ Wani malaminmu na Hausa ya kawo "inkiya". Allah ya gafarta Malam, na ji hujjarka, kuma kusa take ƙwarai. Inda na saɓa shi ne, inkiya kan zo da sakayawa. Ana yin ta don wanda ya sani ya gane, wanda bai sani ba ya wuce. Shi kuwa wannan abu an yi shi ne don kowa ya karanta adireshi ya san me ke ciki tun kafin ya latsa. Da a ce irin adireshin labaran BBC Hausa muke nema wa suna, masu ƙarewa da jerin baƙaƙe da lambobi da ba sa karantuwa, da na karɓi inkiya hannu bibbiyu.

7/ Nawa zaɓin: laƙabi. In ana son cikawa, laƙabin shafi.

Kanun labari shi ne sunan yanka, slug laƙabinsa. Kamar yadda Ibrahim ke komawa Iro, Hadiza ta koma Dije, Muhammadu ya koma Mamman: daga sunan aka ciro shi, ya fi gajarta, ya fi sauƙin kira. In gida ɗaya ya tara masu suna ɗaya dole a bambanta su, haka manhajar wallafa shafuka ta WordPress ke yi in laƙabi biyu suka yi karo, sai ya liƙa wa na biyun -2. Sannan laƙabi in ya bi mutum ya bi shi ke nan. Edita na iya gyara kanu sau goma, amma in ya taɓa laƙabin, duk wanda aka tura wa tsohon adireshin a WhatsApp na iya tarar da 404, wato saƙon ba a sami shafin ba.

8/ Abin da ya ƙarasa gamsar da ni shi ne aikatau. Sauran kalmomin duk sai an yi musu ƙirƙira kafin su ba mu slugify. Nan kuwa muna da shi tuntuni: laƙaba. "An laƙaba masa suna." Don haka za mu ce "laƙaba wa labarin", aikin kuma laƙabawa, jam'i laƙubba. Ba mu ƙago komai ba.

9/ Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, domin samun suna bai raba mu da matsala ba. Ku ɗauki slugify na Django yadda ya zo, ku ba shi "Ƙungiyar Ɗalibai". Abin da zai miƙo muku shi ne ungiyar-alibai. Ɓarawo ya koma arawo. Ita kanta kalmar laƙabi, laabi take fitowa.

Ga dalili. Matakin farko da yake bi shi ne warware kowane harafi ta wata hanya mai suna NFKD ta Unicode, tsarin da ya tattara haruffan harsunan duniya a kwamfuta, sannan ya zubar da duk abin da ba ya cikin ASCII, wato baƙaƙen Turanci da lambobi da 'yan alamomi. Harafin Faransanci é a wurin Unicode abu biyu ne, e da alamar kansa, don haka alamar ta faɗi, e ya tsira. Amma ƙ da ɗ da ɓ da ƴ kowannensu harafi ne guda cur, ƙugiyar ba ta ɓallewa. Tunda ba a iya raba su, sai a jefar da su ɗungurum. Ba ya ma nuna kuskure, shiru kawai yake yi ya ci gaba.

10/ 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun fi shan wuya: ƴaƴa na komawa aa. Mu da ke rubuta 'ya'ya a Najeriya, yaya muke samu, wanda aƙalla ana iya karantawa, ko da yake ya zama wata kalma dabam.

11/ Mafita biyu ce, kuma kowacce da kuɗinta.

Ta farko, a bar haruffan yadda suke. Django na da zaɓin yin haka mai suna allow_unicode tun fitowa ta 1.9, kuma Wikipedia ta Hausa haka take barin su a adireshinta. Sai dai ƙa'idar adireshi, RFC 3986 ta 2005, baƙaƙen Turanci da lambobi da 'yan alamomi kaɗan kawai ta yarda su tsaya tsirara. Saura sai an lulluɓe su. Shi ya sa in ka kwafi adireshin ka liƙa a wani wuri, ƙ ke zama %C6%99, ɗ ya zama %C9%97, ɓ ya zama %C9%93. Shafin zai buɗe lafiya lau, amma karantuwar da aka yi abin dominta ta tafi.

Ta biyu, a sauke ƙugiya: ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b, ƴ ta koma y. Laburaren Unidecode, kayan aikin da ke mayar da haruffa zuwa baƙaƙen Turanci, haka yake yi. Kuɗin wannan kowa ya san shi: ƙafa da kafa sun zama ɗaya, baƙi da baki, ƙarya da karya.

12/ Ni ta biyun nake bi, kuma na san masu kishin daidaitacciyar Hausa za su ɗaure fuska. Hujjata, laƙabi ba wurin koyar da ƙa'idar rubutu ba ne. Kanun yana nan a saman shafi da ƙugiyoyinsa cif. Laƙabi kuma ba kalma ɗaya ba ce, jimla ce, kuma ba wanda zai ga gwamna-ya-kafa-kwamiti ya zaci ƙafar gwamna ake nufi. Ƙari a kan haka, da yawa daga masu neman abu a Google daga waya ba sa sa ƙugiya. Abin da ba zan lamunta ba shi ne harafi ya ɓace gaba ɗaya.

13/ Ga masu rubuta manhajar: ku fara mayar da komai ƙananan baƙaƙe, don Ƙ da Ɗ da Ɓ na farkon kanu kada su kuɓuce. Sannan ku musanya haruffa huɗun nan da kanku, kafin rubutun ya isa wurin NFKD. In kun bari sai bayansa, babu abin da ya rage da za a musanya. Hamza kuma a goge ta, kada a mayar da ita karan ɗori, domin sanaa da jamaa sun fi sana-a da jama-a kyan gani. Ku tuna waya kan rubuta ta a miƙe ko a lanƙwashe, duka biyun za ku kama.

14/ Wanda kuma shafinsa ya riga ya cika da su ungiyar-alibai, kada ya tashi dare ɗaya ya gyara su duka. A ajiye tsofaffin laƙubban a rumbu, a sa kowanne ya tura mai ziyara zuwa sabon ta hanyar 301, wato saƙon da ke cewa shafi ya koma sabon adireshi dindindin. Ko kuma a yi irin dabarar Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, inda lamba ke gaba laƙabi na biye, kuma lambar ce ke nemo shafin, ta yadda ko an canja laƙabin adireshin zai kai mutum inda ya nufa.