"Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi": shi ya ji kunya ko dokar?

Baban Khalifa, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina roƙon manyanmu su warware mana wannan karin magana: "Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi." Musu ne ya kaure a majalisarmu kan 'yan siyasar da ke ɗaga murya cewa za su kare martabar aure daga auren jinsi, alhali nasu auren suke fara ci wa amana. Wani ya ce karin maganar ta zauna musu daram. Wani ya ce a'a, sassauci aka yi musu. Na uku ya ce ai tunda mai doka ya karya, dokar ta faɗi. To wane ne mai dokar barci? In ya yi gyangyaɗi, shi ya ji kunya ko dokar?

Dattijon Kusfa

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Duk wanda ya yi karatun dare a makarantar allo ya ga mai dokar barci da idonsa. An hura wuta da kara, almajirai sun kewaye ta da allunansu, gardi na zagayawa da bulala, duk wanda kansa ya sunkuya sai ya ji ta a gadon baya. Can dare ya raba, gardin ya jingina da bango, bulalar ta sulale daga hannunsa, kansa ya fara lilo. Yara na kallonsa suna ƙunshe dariya, ba mai iya cewa uffan.

Amma ku lura, gardin nan bai yi nufin yaudarar kowa ba. Ya yarda karatu ya fi barci, barcin ne ya fi ƙarfinsa, shi ya sa ake cewa barci ɓarawo ne. Saboda haka ni ina tare da wanda ya ce an yi sassauci. Mutumin da ya kama ɗaki a otal, ya tsara ƙaryar da zai yi wa matarsa, ya kashe waya, gari ya waye ya sa babbar riga ya hau mumbarin kamfe yana wa'azin tarbiyya, wannan ba gyangyaɗi ya yi ba. Idonsa biyu. Nasa karin maganar daban: Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Ɗalibar Kongo

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina karatun lauya, kuma mun bi tarihin dokar da Amurka ta yi a 1996, wadda ta ce a idon gwamnatin tarayya aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Sunanta ma Dokar Kare Aure. Bill Clinton ne ya sa mata hannu a watan Satumba na shekarar, a daidai tsakanin shekarun da yake hulɗa da Monica Lewinsky, wata matashiyar ma'aikaciya a fadarsa. Kakakin majalisar wakilai na lokacin, Newt Gingrich, shi ya ja ragamar yunƙurin tsige Clinton a 1998, sai a 2007 ya amsa da bakinsa cewa a wannan lokacin shi ma yana neman wata a waje. Hujjar da ya kawo ita ce ba don neman mata aka bi Clinton ba, don rantsuwar ƙarya ne. Wanda aka zaɓa ya gaji Gingrich a kujerar kakaki, Bob Livingston, bai ma hau kujerar ba, ya janye a Disamba 1998 da nasa asirin ya tonu.

Akwai wanda ya fi waɗannan. József Szájer na ƙasar Hangari yana cikin waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkin ƙasarsu na 2011, wanda ya ce aure na namiji da mace ne. A Nuwamba 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda a babban birnin Beljiyam suka kai samame wani shagalin lalata na maza zalla a wani bene, aka kama shi yana ƙoƙarin tserewa ta bututun ruwan sama. Ya ajiye kujerarsa ta majalisar Turai. Baba, wannan wanne ne, gardi ko Fir'auna?

Dattijon Kusfa

'Yata, zuciya Allah kaɗai ya san abin da ke cikinta. Amma wanda ya rubuta wa mutane haramci da rana, ya aikata shi da dare, shekara da shekaru yana cin albashi a kan haramcin, ba zan kira shi gardi ba.

Injiniya, Samaru

Ni ne na ukun da Baban Khalifa ya ambata, kuma ban janye ba. Ba ina kare auren jinsi ba ne, addinina ya riga ya yanke mini wannan. Abin da nake cewa, in gardi ya yi barci, da wane ido zai daki yaro gobe? Doka bakin mai ita take ci. A Amurkar ma ai kotun ƙoli ta soke ginshiƙin waccan doka a 2013, sannan a Yuni 2015 ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar. Masu goyon bayansa sun daɗe suna nuna waɗannan mutane da yatsa suna cewa, ku dubi masu kare auren. Wa ya ba su wannan makami in ba masu gyangyaɗin ba?

Malam Ƙarami, Kwarbai

Injiniya, ka haɗa abu biyu. Cewa halin mai doka yana zubar da kwarjininta, wannan gaskiya ne, kuma shi ne babban laifinsa. Cewa dokar ta faɗi, wannan kuma ba haka ba ne. Barcin gardi bai mayar da karatu aikin banza ba. A Suratul Baƙara Allah ya zargi masu umartar mutane da alheri suna mantawa da kawunansu, a Suratus Saff ya ce don me kuke faɗin abin da ba ku aikatawa. A duka wuraren mai faɗin aka zarga, ba a ce alherin ya tashi daga alheri ba. Kotun Amurka kuma da hujjar tsarin mulkinsu ta yi hukunci, ba da labarin matan Gingrich ba.

Sai dai ina jan kunnenmu. Waɗanda 'yar'uwarmu ta lissafa, su suka amsa da bakinsu ko aka kama su a bainar jama'a. Namu na gida fa, yawanci "an ce" ne da hoton WhatsApp. Suratun Nur ta ce shaidu huɗu, wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba bulala 80 ce tasa. Kar garin kama munafuki mu ɗauki zunubin da ya fi ƙarfinmu. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai 'yan siyasar da ke riƙe da iyalinsu da mutunci.

Maman Hanifa, Gyallesu

Allah ya gafarta Malam, na yarda da shaidu huɗu, kuma shi ya sa ba zan kira sunan kowa ba. Amma ku maza kuna ta gardi da bulala, ba wanda ya tambayi bayan wa bulalar ke sauka.

Muna 'yan mata aka yi shari'ar Amina Lawal, nan kusa da mu. Kotun Bakori ta yanke mata jifa a Maris 2002 saboda ta haihu ba aure, kotun Funtuwa ta tabbatar a Agusta. Namijin da ta ambata ya musanta, ya rantse, ya kama gabansa. Sai a Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta wanke ta. Haka Safiya Husaini a Sakkwato, an yanke mata a 2001, aka sake ta a 2002, shi ma nata namijin tuni ya tafi gida. Matan ƙauye ne su biyun, ba boko, ba kuɗi. Cikin da ke jikinsu shi ya zama shaida a kansu, namiji kuwa ba ya ɗaukar ciki.

Ina da 'yar'uwa da ta yi shekaru a gidan wani mai ƙaramin muƙami na siyasa. Kafin ya samu kujera, ita ke dafa wa 'yan kamfe abinci a tsakar gida, tukunya kan tukunya, har kayan ɗakinta ta sayar aka buga fasta. Da aka ci zaɓe sai taro ya yawaita a Kaduna da Abuja, sati guda ba a ganinsa. Ba kishiya ya yi mata ba, da kishiya ce da sauƙi, wannan halal ce kuma an san matsayin kowa. Ranar da ta yi magana kan saƙonnin da ta gani a wayarsa, ranar ya miƙa mata takarda. Ta dawo gida da yara huɗu da buhun kaya, ko kuɗin makarantarsu sai an kai ƙara wurin manya. Wannan mutumin na ji shi da kunnena a wurin taro yana cewa Turawa na so su rusa mana aure. Wallahi jikina har rawa ya yi. Auren da na ga ya rushe a gidanmu, ba Bature ya rushe shi ba.

Ni karin maganar da zan ba su ita ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Domin ba mantawa suka yi da nasu ba, hawa kansa suke yi don su ƙara tsawo.

Ɗan Wusasa

Mama, Allah ya ba ta haƙuri, ya raya yaran. Ni Kirista ne, kuma a cocinmu ma ba a ɗaura auren jinsi, a wannan bakinmu ɗaya da ku. Abin da kika faɗa ya tuna mini da matar da aka kawo gaban Yesu cewa an kama ta tana zina. Ita kaɗai aka kawo, alhali ba mutum ɗaya ke yin zina ba. Kuma muna da maganar mai hango ɗan haki a idon ɗan'uwansa ga gungume a nasa. Ina ganin ita da "laifi tudu ne" uwarsu ɗaya.

Ɗalibar Kongo

Anti ta taɓo inda nake son zuwa. Majalisar dattawan Nijeriya ta amince da dokar hana auren jinsi a Nuwamba 2011, ta wakilai a Mayu 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Janairu 2014. Shekara 14 ga wanda ya ƙulla, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Amma tun kafin ita babu dokar Nijeriya da ta san irin wannan aure, kuma aikin kansa laifi ne a kundayen hukunta laifuffuka, wato Penal Code na Arewa da Criminal Code na Kudu. Binciken da Pew, wata cibiyar jin ra'ayin jama'a ta Amurka, ta yi a 2013 ya nuna kashi 98 cikin 100 na 'yan Nijeriyar da aka tambaya ba su yarda al'umma ta karɓi abin ba. Wato ɗan majalisar da ya ɗaga hannu bai yi asarar ƙuri'a ko ɗaya ba, ga zaɓen 2015 na ƙaratowa.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Shi wannan Penal Code ɗin, wanda har Abuja yake aiki, sashe na 387 da na 388 sun sa zina cikin laifuffuka ga wanda al'adarsa ta ɗauke ta laifi, ɗaurin da zai kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun. Dokar na nan a rubuce a garin da majalisar take zama. Wa zai kawo mana sunan sanata ɗaya da ya tashi a zauren ya nemi a ƙarfafa ta? Mutum ya zaɓi zunubin da ba ya jan ransa ya yi ta ihu a kansa, wanda ke cikin aljihunsa kuma ya yi gum.

Injiniya, Samaru

To kun ga. Ashe ba barci ya hana ba, wani irin barci ya hana, ya bar wa kansa irin wanda yake so.

Malam Ƙarami, Kwarbai

A nan kam ba ni da ja. Hadisin matar Banu Makhzum da ta yi sata ya isa: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da ya halaka mutanen farko shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Kuma abin da ke damuna, ihun 'yan siyasa a kan titi yake ƙarewa. A Janairu 2014 a Bauchi taron jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu saboda wasu da ake tuhuma da luwaɗi, tun alƙali bai gama sauraro ba. Wannan ba shari'a ba ce. Wanda ake zargi ɗan wani ne, yana da haƙƙin a saurare shi, kuma an hana mu bin diddigin asirin mutane. Yau a unguwa in ana so a kashe yaro da ransa, sai a laƙaba masa wannan suna, ba shaida ba komai. Mai kujera kuwa ko an gan shi, sai a ce sha'anin manya ne.

Baban Khalifa, Tudun Wada

Baba na Kusfa, to a wane wuri za mu yi amfani da ta gyangyaɗin ke nan, tunda ka ƙwace ta daga hannun 'yan siyasa?

Dattijon Kusfa

Ban ƙwace ta duka ba. Akwai wanda ya yi imani da abin da yake faɗa, ya zame sau ɗaya, ya ji kunya, ya nemi gafarar matarsa tun kafin ya nemi ta 'yan jarida, ya rage ɗaga murya a kan mutane. Wannan ka ce masa mai dokar barci, ba ka zalunce shi ba. Kuma a da, tsakanin tsara ake faɗinta, ko babba ya faɗa wa na ƙasa da shi. Ɗa ba ya faɗa wa ubansa, almajiri ba ya faɗa wa malaminsa a ido.

Maman Hanifa, Gyallesu

Baba, a gafarce ni, ɗan siyasa ba ubana ba ne, ba malamina ba ne. Layi na bi cikin rana na zaɓe shi. In ya dawo Gyallesu neman ƙuri'a ya fara zancen kare aure, ni dai zan tambaye shi nawa ya ware wa zawarawa da 'ya'yansu, kuma wace doka ya kawo da za ta tilasta wa uba ciyar da yaran da ya saki uwarsu.