Gwiwa ta hana ni tafiya, likita kuma ya ce in rage kilo 10

Maman Biyu, Mabera:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, amma don Allah kada wanda ya ce in riƙa zagaya filin wasa na Giginya da asuba, wannan na ji har na gaji. Shekarata 53, malamar firamare ce ni. Shekara shida ke nan ina fama da amosanin gwiwa, ga hawan jini. Likita ya nuna min hoton ƙashi, ya ce guringuntsin gwiwar dama ya cinye, ƙashi ne ke gugar ƙashi. Sallah a kan kujerar roba nake yi. Daga ɗakina zuwa zaure sai na dafa bango sau biyu. Kabu-kabu ma na daina hawa, ɗaga ƙafar ya gagara.

Ranar Litinin na hau sikeli, kilo 104. Ya ce in na sauke 10 zan ji bambanci. To da me zan sauke? Ni fa ba mai ci ba ce. Da safe koko da ƙosai huɗu, da rana fura kawai, da dare tuwon shinkafa malmala biyu. Tukunya ɗaya ake ɗorawa mutum 11 a gidan nan, matar ɗana ke girki, ba zan ce ta ɗora min tawa daban ba da tsadar gawayin nan. Na gwada barin abincin dare kwana huɗu, jiri ya kusa kayar da ni a banɗaki. Wanda ya taɓa rage ƙiba yana zaune ya taimaka min.

Tsohon Direba, Runjin Sambo:

Hajiya, Allah shi ba ki lahiya. Na yi dariya da kinka ce "hura kawai". Ni ma haka nike gaya ma likita, sai ran da ɗiyata ta aje kwanon awo gabana munka ƙirga: curi uku, nono mai kauri, sukari cokali huɗu, kuma sau biyu a wuni lokacin bazara. Wannan ai ya hi tuwo. Matsalar hura ba ta ce maka ka ci abinci, awa biyu ka ji cikinka wayam.

Ciwon suga da ciwon baya sunka zaunar da ni, shekara uku ban kama sitiyari ba. Kilo 9 na sauke cikin wata bakwai, ban taka ko'ina ba sai masallacin ƙofar gida. Curi ɗaya, ba sukari, in cika da ruwan randa. Tuwo malmala ɗaya, sauran wurin kwaɗon zogale ko rama shi cike shi. Lemun kwalba na yi bankwana da shi. Wata biyun farko na yi ta hwaɗa da kowa cikin gida, wannan ba ni ɓoye miki.

Amarya Sabuwa:

Mama ki nemi shayin rage tumbi, akwai masu sayarwa a WhatsApp. Ƙawata ta rage kilo 3 a sati ɗaya. Ki haɗa da ruwan zafi da lemun tsami kafin ki karya.

Nas ce ni, Arkilla:

Amarya, kilo 3 a sati ruwa ne ya fita. Yawancin irin wannan shayin filasko ne a ciki, gudawa yake sa mutum. Mai hawan jini, a wannan zafin da ke wuce digiri 40, ki sa ta gudawa? Ƙodarta za ki taɓa. Lemun tsami kuma ba ya narkar da kitse, amfaninsa kawai in ya maye gurbin shayi mai madara da sukari.

Mama, likitanki bai faɗi 10 da ka ba. Duk kilo ɗaya da kika sauke, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo 4 a kowane taku. Kuma yawancin abin da jiki ke ƙonawa a wuni, numfashi ne da bugun zuciya da aikin hanta da ƙwaƙwalwa ke cinye shi, ko kina kwance. Don haka zama bai rufe miki ƙofa ba, sai dai abin zai zo a hankali. Rabin kilo a sati ya isa, wani satin ma sikeli ba zai motsa ba.

Abin da Baba Direba bai taɓo ba shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man ja ko man shanu kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 120 ne, kuma ba ya cika ciki ko kaɗan. Ƙosai huɗu sun sha mai, miyar ta sha, sannan a kwarara man shanu a kan tuwo. Ba sai an ɗora miki tukunya daban ba: a zuba miki miya daga ƙasa bayan an yaye man da ya taso, man shanun kuma ya tsallake kwanonki. Ƙosai ya koma alala ko dafaffen ƙwai wasu ranakun. Ki riƙe wake da kifi da nono marar sukari, don mai zama in ya rage ci bai samu irin waɗannan ba, tsoka ce ke zubewa, gwiwa kuma tsokar cinya ke riƙe ta. Kina kan kujerar nan ki miƙe ƙafa ɗaya, ki ƙirga biyar, ki sauke, sau goma kowace ƙafa bayan kowace sallah, in dai bai tayar miki da ciwon ba.

Gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a wuni, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen magi. Barin abincin dare ki daina. Kuma ki riƙa auna jini, don in nauyi ya sauka wani lokaci sai an rage magani.

Tambaya ɗaya: wane maganin ciwo kike sha, wa ya rubuta miki?

Maman Biyu, Mabera:

Na gode ƙwarai. Baba Direba ka tona min asiri, nawa curin huɗu ne, har da kwakwa.

'Yata nas, ban da na asibiti akwai wani haɗi da nake saya a kemis ɗin unguwa, ƙwaya biyar a ƙulle a leda, babu kwali babu suna. In na sha sai in ji kamar an canza min ƙafa. Shekara biyu ke nan. Ban taɓa gaya wa likita ba.

Nas ce ni, Arkilla:

Mama, abin da nake tsoro ke nan. Irin wannan haɗin sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki. Suna kashe ciwo nan take, amma suna buɗe ciki, su tara kitse a fuska da tumbi da ƙeya, su ɗaga jini da suga, su cinye ƙashi. In akwai diclofenac kuma, shi ma yana ɗaga jini, yana wahalar da ƙoda. Fuskarki ta yi zagaye a shekarun nan? Kada ki yanke shi rana ɗaya, wanda ya daɗe a kansa a hankali ake janye shi, likita ne zai tsara miki. Ki ɗauki ledar yadda take ki kai masa cikin satin nan, ki roƙi a auna miki suga.

Maman Biyu, Mabera:

Na ɗauko hoton bikin ƙanwata na shekara uku da suka wuce na ajiye kusa da madubi. Fuskar ba ɗaya ba ce, ni ina ta cewa hutu ne. Alhamis zan koma da ledar, in sha Allah. Na yi wa matar ɗana maganar man shanu, ta ce to, amma da dare sai ga shi a kan tuwon, wai hannunta ya saba, kuma kada maƙwabta su ji an ce tana ba uwar miji gaya.