Neman shawara: in bi layin tiyatar canjin ƙugu da gwiwa ko in haƙura?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah a sakaya sunana. Ni likita ne, na gama bautar ƙasa, yanzu ina ɗan taɓa aiki a wani asibitin kuɗi a nan cikin Kaduna, kuma Alhamdulillah na ci jarrabawar firamari ta tiyata, wato ta farko kafin a shiga horon ƙwarewa. Tun ina makaranta raina ke son ɓangaren ƙashi, musamman aikin nan na cire wa mutum ƙugu ko gwiwar da ta lalace a sa masa na ƙarfe, to amma duk wanda na tuntuɓa sai ya kashe min jiki, wani ya ce sai na yi furfura kafin a sakar min wuƙa, wani ya ce wa ke da kuɗin wannan aikin a Arewa, kawuna kuma cewa yake in tattara in tafi Saudiyya kamar sauran abokaina. Ga shi an sa min ranar aure bayan babbar sallah. Waɗanda suka san harkar daga ciki, yaya rayuwar take tsakani da Allah?

Likitan ƙashi, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, babu wata ƙofa da aka rubuta "canjin ƙugu" a kanta. Tiyatar ƙashi gaba ɗaya za ka shiga, ƙarƙashin kwalejin ƙasa da ke Ijanikin a Legas ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ka yi jarrabawar mataki na ɗaya (fat wan), ka yi ta mataki na biyu (fat tu) da rubutun bincike, shekara 6 kenan in komai ya tafi daidai, da yawa kuma suna haura haka. A shekarun nan abin da za ka fi gani karaya ce, ɗan acaɓa da keke ya kaɗe, hatsarin hanyar Abuja da ta Zariya, sai kuma ƙafar da aka fara kai wa mai ɗori aka ɗaure tamau har ta yi baƙi kafin a kawo maka. In ba za ka iya son wannan ba to kar ma ka fara, don ko bayan ka zama konsaltan, wato babban likitan da ya gama horo, shi ne rabin aikinka ko fiye.

Sannan ka cire hoton da kake gani a bidiyon Turawa na tsohuwa 'yar shekara 70 da ta zo da ƙafarta aka yi mata ta koma gida. Suma muna da su, hajiyoyin da gwiwa ta cinye har sallah sai a kujera, amma wanda zai fi tsaya maka a rai shi ne mai sikila. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila, kuma ciwon yana toshe jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya, kan ya mutu ya rufta, sai ka ga yarinya 'yar shekara 22 tana jan ƙafa. Ita aikinta ya fi na tsohuwa wuya nesa ba kusa ba, ƙashin ya yi tauri ramin ciki ya tsuke, ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama ta, dole ka haɗa kai da likitan jini da mai sa barci tun kafin ranar. Kuma ƙarfen nan ba na har abada ba ne, yawanci shekara 15 zuwa 20 ake sa rai, wani ya wuce. Ka lissafa da kanka, za ta dawo a sake, kuma aikin sakewa wani karatu ne daban.

Shawarata, kar ka zaɓi wurin horo don yana kusa da gidan su amarya. Je ka asibitin ƙashi na Dala a Kano, je ka asibitin koyarwa na Shika a Zariya, leƙa na Barau Dikko a nan Kaduna, ka tambayi rasidan ɗin wurin, wato likitocin da ke cikin horon, ba shugabanni ba: ƙugu nawa ake yi a wata, kuma wa ke riƙe zarto?

Nas ta ɗakin tiyata, Barnawa:
Dakta ya faɗi gaskiya amma bai faɗa maka maganar jiki ba. Aikin kafinta ne fa ɗana, guduma, zarto, kurfi, har siminti ana kwaɓawa, kuma simintin nan in aka haɗa shi mintoci kaɗan gare ka ya daskare, ba ruwansa da ka shirya ko ba ka shirya ba. Tsayuwa ce tun safe, ranar karaya kuma ga rigar dalma mai nauyi saboda na'urar hoton ƙashi, yawancin ogannina da ciwon baya suka ƙare. Abin da suka fi tsoro kuma ba jini ba ne, ƙwayar cuta ce ta hau ƙarfen, don in ta hau magani kaɗai ba ya cika fidda ita, wani lokaci sai an cire komai. Shi ya sa za ka ga likita mai fara'a a waje amma a tiyata ka buɗe ƙofa ba dalili ya wanke ka tas.

Rasidan, shekara ta 4:
Ni kam ranka ya daɗe ka yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Kawunsa bai yi ƙarya ba. Ƙarfen nan ba a ƙera shi a nan, da dala ake shigo da shi, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, to majinyacin da ke tara kuɗi a hankali sai ya wayi gari abin da ya tara ko rabi bai kai ba. Ka rubuta mutum a jerin aiki, ka yi karatu cikin dare, da safe a ce iyalai ba su haɗa kuɗin ba, ko wakilin kamfani bai iso da akwatin kayan ba. Ga kol, wato aikin jiran kira dare da rana, ga yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta NARD da ke ja maka lokaci, ga kuɗin kwas da na jarrabawa. Ban ce kar ka shiga ba, ni ma ina ciki kuma ranar da ka ga wanda ya zo a keken guragu ya taka da sanda washegari wallahi sai ka manta da albashi, amma ka shigo da ido biyu.

Likitan ƙashi, Unguwar Rimi:
Ba ka saɓa ba ai, ka ƙara ne. Sai dai wanda ya tafi Saudiyya yanzu ba ƙwarewa, ƙaramin likita zai je ya zauna. Ya gama horon tukuna, ya nemi ƙarin wata 6 ko shekara a wurin da ake aikin kullum, Indiya ko Ingila, daga nan zaɓi na hannunsa. Shi kansa John Charnley da ya kafa wannan aiki a Wrightington ta Ingila, robar da ya fara sawa ta Teflon cinyewa ta yi a jikin mutane, sai a 1962 ya samu wadda ta yi. Ba wanda ya same shi da sauri.

Maman 'yan biyu, Tudun Wada:
Ni ba likita ba ce, matar likitan ƙashi ce. Ƙanina ka zaunar da yarinyar nan ka faɗa mata gaskiya tun yanzu, har da mamanta in da hali. Za a yi suna ba ka nan, a yi sallah kana asibiti, abinci ya huce a ɗumama ya sake hucewa. Bayan ya gama dai abin ya yi sauƙi sosai, don aikin canjin gwiwa da rana ake sa masa, ba ya tashin mutum ƙarfe 2 na dare.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci:
Dan girman Allah Dakta ka shiga. Hajiyarmu Misra muka kai aka yi mata gwiwa, aiki ya yi kyau, amma da muka dawo wurin ya kumbura muka rasa wanda za mu nuna wa, wanda ya yi aikin sai ta WhatsApp, a nan kuma duk inda muka je sai a ce ina takardar irin ƙarfen da aka sa. Da a gida aka yi da tuni an huta. Kuma ku riƙa faɗa wa mutane tun farko batun zaman tahiya da masan tsuguno, mu ba wanda ya faɗa mana sai da likitan gashin ƙashi ya ce a canza mata banɗaki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama in sha Allah gobe zan je gidan su. Ranka ya daɗe, in na je Dala ɗin za su bar ni in shiga in kalli aiki kuwa, ko sai da takarda?

Likitan ƙashi, Unguwar Rimi:
Rubuta wa shugaban sashe wasiƙa ka haɗa da lasisinka na hukumar rajistar likitoci ta MDCN. Ka je da takalmin tiyata naka, kuma ka karya da kyau kafin ka shiga.